Katin Babanku a Aljihun Baffa Habu

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, hadari ya haɗu da yamma ya yi ta rugugi, sannan iska ta watsa shi ba ɗigo ko ɗaya. Shekarar ce da hatsi ya fi ƙarfin talaka. Daminar baya ta ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba, tun rani bai raba ba aka fara share ƙasan rumbu da tsintsiya. A ƙauyenmu, inda gonar wannan take manne da ta wancan, ba mai iya ɓoye halin da yake ciki. In gida bai ɗora tukunya ba maƙwabta sun sani, don ba su ga hayaƙi ba. Sai dai kowa ya kawar da kai, a gaisa a wuce.

Na san abin da kuka ji game da wannan shekara. Kun ji an ce na shiga layin iyayen marayu na karɓi hatsi alhali babanku na kwance a ɗaki da ransa, an ce na kashe shi a wurin hukuma saboda buhun masara. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, har babbanku da ba na kama sunansa, wanda yake Kudu a lokacin. Na san kunya ce ta hana ku. To, tun da Allah ya sa na yi yaƙi da jahilci hannuna na iya riƙe biro, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ku da na haifa da ku da Talatu ta haifa, don duk ɗaya kuke a wurina.

Babanku da ƙanensa Habu gandu ɗaya suke yi tun rasuwar mahaifinsu. Danga ce kawai ta kara tsakanin sashena da na Talatu, matar Habu, ita ma dangar akwai inda muka ɓula don miƙa kwano. Komai na gidan ɗaya ne. Keke ɗaya, garma ɗaya, babbar riga ɗaya ta zuwa ɗaurin aure, wanda aka gayyata shi ke sawa. Don haka da aka zo ana yi wa mutane katin asibiti, ana ɗaukar hoto ana dangwala yatsa, Habu kuma yana ci-rani bai samu ba, ba wanda ya damu. Gida ya samu kati, shi ke nan. Muka rataye shi a ƙusa cikin leda, kusa da fitila. Haka ake yi a ko'ina, mace ta ari katin maƙwabciyarta ta kai kanta asibiti, ba wanda ya ɗauke shi komai, kamar aron turmi ne.

A wannan rani ne aka gano tarin da ke damun babanku tarin fuka ne, wanda 'yan asibiti ke ce wa tibi. Aka ɗora shi a kan magani na watanni, kyauta, muna karɓa a ƙaramin asibitin ƙauyen da ke gabanmu, wurin wata ma'aikaciya mai haƙuri, Malama Hajara. Ta ja mana kunne cewa maganin nan ba a tsallake shi, in aka yanke a tsakiya ciwon na dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Ya fara samun sauƙi kuwa. Har ya koma fita masallaci, yana zama a gindin darbejiyar ƙofar gida yana tufkar igiya.

Habu ya shirya tafiya Watari aikin cire albasa a fadamar dam, ko a samu abin da za a kai damina. Yana ɗan fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Da safen da zai tafi ya leƙo sashena, don shi ba ya wuce ni bai tsokane ni ba.

"Matar Yaya, kokon nan naki yau har ina hango fuskata a ciki. Ruwa kika dafa ko gero?"

"Ka sha ka gode wa Allah," na ce. "In ka dawo da albasa sai in ga irin taka bajintar."

"Albasa? Tumatir zan kawo miki kwando guda, ki yi miya har ki shafa a fuska."

Babanku ne da kansa ya miƙe ya ciro katin daga ƙusa, ya cusa masa a aljihun gaba.

"Riƙe wannan. An ce yanzu kowane asibitin gwamnati yana karɓa. Ni na karɓi maganina na wata, kafin ya ƙare ka dawo."

Habu bai dawo da ƙafarsa ba. Amai da gudawa ya ɓarke a bukkokin 'yan aiki, aka kwashe shi ba ya cikin hayyacinsa zuwa wani asibiti a can, a wata ƙaramar hukuma da ba tamu ba. Waɗanda suka kai shi baƙi ne, ba su san shi sosai ba. Aka laluba aljihunsa aka ga kati, aka shigar da sunan da ke jiki. Kafin la'asar ya cika. Aka kawo mana shi a bayan mota a kan buhunan albasa, muka yi masa sutura. Talatu ta shiga takaba da goyon Ummi a bayanta, Musbahu da 'yan'uwansa suna riƙe da zanenta. Katin ya dawo tare da kayansa, na mayar da shi ƙusa ban kawo komai a raina ba.

Da maganin ya ƙare na raka babanku wurin Malama Hajara. Ta yi mana gaisuwa, ta karɓi katin ta kara a 'yar na'urarta, ya dangwala yatsa. Sai na ga ta ƙura wa na'urar ido. Ta goge fuskar na'urar da gefen hijabinta ta sake gwadawa. Ta fita waje ta ɗaga ta sama wai ko sabis ne. Ta dawo ta zauna.

"Baba, na'ura ta ce ka rasu."

Babanku ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To Malama, ki ce mata ta yi mini addu'a, ni kuma ki ba ni maganina."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce maganin nan da suna yake zuwa daga sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma, kowane mai ciwo da ƙunshinsa, kuma tun da aka shigar da mutuwar a can asibitin, labari ya iso nan, an cire nasa daga kayan wannan wata. Ta buɗe kwabarta ta tattaro ragowar wani mara lafiya da ya bar gari, ta ba mu, ta ce ba zai kai ko'ina ba, mu hanzarta zuwa sakatariya. A wannan makon aka raba takin gwamnati, mai unguwa ya ce sunan babanku ya fita daga na manoma. A wannan makon dai saƙo ya shigo 'yar wayar gidan, na karanta da kaina a hankali, ana yi mini ta'aziyyar mijina, ana cewa an sa ni cikin iyayen marayu da za a riƙa bai wa hatsi kowane wata har kaka.

Ni na je sakatariya, don shi hawa babur na tayar masa da tari. Na yi ta bin ƙofofi har aka nuna mini wani matashi a bayan kwamfuta. Yaron kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna mini hoton babanku, da jan layi a ƙarƙashinsa.

"Inna, da can kowane ofis da nasa littafin, mutum ya yi ta yawo da takarda. Yanzu an haɗa mu. Abin da asibiti ya shigar, sashen noma na gani, masu tallafi na gani, har na wasu ƙananan hukumomin. Don a sauƙaƙa muku aka yi. Kin ga ai ba ki nemi hatsin nan ba, shi ya nemo ki."

"To ɗana, ka goge jan layin mana, tun da ga ni na faɗa maka yana gida."

"Ba ni da iko. Wanda ya shigar shi ke cirewa, shi ma sai an ba shi izini daga Kano. Abin da zan iya shi ne in buɗe ƙorafi. Amma in gaya miki gaskiya, da zarar na buɗe, duk abin da ke rataye da sunan nan zai tsaya cak har a gama bincike. Hatsin zai tsaya yau ɗin nan. Maganin kuma ba zai dawo ba sai an gama."

"Zuwa yaushe?"

"Wallahi ba zan yi miki ƙarya ba. Wani ba ya daɗewa, wani sai ya ci damina."

Na ce to a mayar da hatsin kan Talatu, tun da ita ce mijinta ya rasu. Ya bincika ya bincika, ya girgiza kai. Ya ce Habu ba ya cikin na'urar ko kaɗan, wanda kuma ba a shigar da shi da rai ba, babu yadda za a shigar da mutuwarsa. Ya turo mini abin dangwale gabana ya ce in na amince in sa yatsa. Na ɗaga hannu, sai na tuna ba ni kaɗai ke da wannan magana ba. Na ce bari in je gida in dawo.

Na sami babanku bayan la'asar a gindin darbejiya, na zauna gefen tabarma na faɗa masa komai. Daga cikin gida muna jiyo kukan Ummi, irin kukan da ba ƙarfi a cikinsa, don nonon Talatu ya fara ƙafewa. Ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa.

"Rabi, me ya rage a rumbu?"

"Ka sani, Malam."

"Na sani. In kin dangwala, maganin zai zo gobe?"

"Ya ce sai an gama bincike."

"Hatsin fa?"

"Yau zai tsaya."

"To kin gani. In kin dangwala, ba magani ba hatsi. In kin bari, ba magani amma akwai hatsi. Ki bar ni a mace tukuna."

Na ce masa subhanallahi, ya daina faɗin haka. Na ce in an buɗe da wuri ai da wuri za a gama, kowace rana da muka jinkirta a jikinsa za ta fita. Na ce kuma ni ina tsoron cin abin da ba nawa ba. Ban taɓa yi masa musu mai tsawo irin na ranar ba.

"Wa aka ce a bai wa hatsin?" ya ce. "Marayun mutumin da ya mutu a asibitin nan. Mutum ya mutu ko bai mutu ba? Ya bar marayu ko bai bari ba? Suna ne kawai suka kuskure, bakin da zai ci ba su kuskure ba. Ni na sa masa katin nan a aljihu da hannuna. In an yanke gero, ki je ki tashe ni."

Ku ji da kyau, ba tilasta ni ya yi ba. Hanyar sakatariya na san ta, ba kuma wanda zai tare ni. Sau da yawa na ɗauki mayafi da niyyar tafiya, sai in leƙa ta ɓular danga in ga yaran Talatu zaune sun kewaye tukunyar da ba a ɗora ba, in koma in ajiye. Shi ya faɗa, ni na yarda. Mu biyu muka yi.

Ranar rabon farko na shiga layi a filin makarantar firamare. Matan da ke gabana da bayana duk na san su, na je zaman makokin mazajensu. Da aka kira ni da lasifika, aka ce matar marigayi, aka faɗi sunan babanku, sai na matsa gaba. Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Rabi, yaushe aka yi? Ba jiya na gan shi yana alwala ba?"

Wata ta ce, "Ai na zamani ne, sai ya ci tuwon sadakarsa da kansa."

Aka yi dariya. Na dangwala, na ɗora buhun a ka. Ban yi wa kowa bayani ba, don in magana ta kai sakatariya hatsin zai tsaya, kuma ba na so a ce Talatu da ke cikin takaba ita ta jawo. Mai unguwa ya sani, ya kawar da kai. Da na iso gida babanku ya dube ni ya dubi buhun.

"Sannu da zuwa, uwar marayu. A zuba wa mamaci nasa da ɗan yawa, yunwa yake ji."

Na shige ɗaki na yi kukana, sannan na fito na raba hatsin biyu, na miƙa rabi ta danga. Talatu ta ƙi karɓa da fari. Ta ce, "Yaya, wannan ai jinin Malam ne." Na ce mata ta yi shiru ta ɗora tukunya, yara na kallo.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka ba taki sai tokar murhu da kashin awaki. Da fari babanku yana bin mu gona yana zuba iri. Zuwa noman farko sai dai ya zauna a kan kunya yana nuna wa yara inda suka bar ciyawa. Da marka ta kankama tarin ya dawo, da zufa mai jiƙa shimfiɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mun gwada na kemis, mun gwada saiwoyi da zuma. Malama Hajara ta zo har gida ta roƙe shi, ta ce ta kai maganar gaba an ce mata ba ƙorafi ba gyara. Ya yi mata godiya ya ce saura kaɗan. Kullum da safe sai ya sa a fitar da shi ƙofar gida inda yake hango gonar bayan gari. Yana kallon geron nan kamar mai jiran baƙo. Ya ga ya yi kara, ya ga ya fitar da kai, ya ga ya yi bununi. Ummi kuwa ta yi kumari, ta fara rarrafe, takan bi ta ɓular danga ta zo ta kama yatsan ƙafarsa. In ta zo sai ya juyar da fuska gefe saboda tarin, ya ce a ɗauke ta, amma yana murmushi.

Ranar da aka kwantar da geron farko aka ɗaure damin farko, aka kawo masa zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu ya hure.

"Ya yi ido," ya ce. "To Rabi, je ki tashe ni."

Ban jira gari ya ƙara wayewa sau biyu ba. Na je na dangwala, matashin nan ya buɗe ƙorafi, mai unguwa ya sa hannu, aka turo wani ya zo har ɗaki ya ɗauki hotonsa da yatsansa. Hatsi ya tsaya kamar yadda aka faɗa. Muka shiga jira. Sai dai jikin ya riga ya yi nisa, ya fara tofar da jini, magana ma sai a hankali. Wata Alhamis da hantsi, ana ta shigo da dammuna ana jerawa a tsakar gida, ya ce in gyara masa matashi ya ga ana shigowa da su. Na gyara. Yana kallo har ya cika.

Ranar sadakar bakwai, bayan azahar, muna zaune a ɗaki da mata 'yan gaisuwa, sai na ji tsayuwar babur. Malama Hajara ce, ta yi kwanaki a wani horo a birni, daga sakatariya ta wuto kai tsaye ba ta biya ta asibitinta ba. Tun daga zaure na jiyo muryarta tana murna.

"Inna Rabi! An gyara! An cire jan layin, ga maganin Baba na karɓo da hannuna!"

Sai ta shigo ta ga tabarmi, ta ga carbi a hannun mata, ta gan ni a lulluɓe. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshin a hannunta, da sunansa a rubuce a jiki. Ni ce na ce mata ta shigo ta zauna, ta sha ruwa, ta sha rana. Ta durƙusa a gabana tana kuka tana ba ni haƙuri, ni ina ba ta. Na ce ta kai wa wani mai tarin, kada ya lalace. Ta ce sai ta mayar an sake masa suna. Da yamma saƙo ya shigo waya, ana sanar da babanku cewa an tabbatar yana raye, ya je ya karɓi takinsa, ni kuma an cire ni daga iyayen marayu.

Ban riƙe kowa a zuciyata ba, ku ma kada ku riƙe. Wanda ya shigar da sunan abin da ya gani a aljihu ya shigar. Matan da suka yi dariya abin da suka gani suka faɗa. Ke kuma Ummi, da kai Musbahu, na daɗe ina tsoron rubuta wannan saboda ku, kada wani a cikinku ya ce a kansa aka yi. Ba ku roƙa ba, ba ku sani ba. Mutum ne ya dubi gidansa ya zaɓa, yana cikin hankalinsa, har yana wasa da dariya. Abin da nake so kawai, in an sake faɗa muku waccan magana, ku san abin da za ku ce, ko ku yi shiru kuna sane.

Washegarin sadakar bakwai da asuba, bayan na idar da salla, na fito tsakar gida. Dammunan na nan a jere inda ya bar su da ido, ba wanda ya taɓa su tun ranar. Na kwance na farkon, wanda aka cire masa zangarniya, na sussuka, na sheƙe, na surfa. Na dama koko mai kauri, irin wanda ba mai hango fuskarsa a ciki. Na raba shi ƙwarya biyu, na je bakin danga na kira Talatu, na miƙa mata ɗaya.